Tsohuwar kwalta da tokar masana'antu: wanne zai yi aiki a hanyoyin Maraɗi?

Sau da yawa idan aka fara sake gina hanya a nan Nijar, abu biyu mutum ke fara gani tun kafin ya ji warin sabuwar kwalta. Akwai tulin ɓaraguzan tsohuwar hanya da katafila ta kankare ta ture gefe, baƙin ɓawo cakuɗe da jar ƙasa, wanda daga baya masu amalanke ke kwasa su cike ƙofar gida ko kwatamin unguwa. Akwai kuma sabon rami a bayan wani ƙauye, inda tifofi ke lodin marmara tun asuba. Ranar da ɗan kwangila ya naɗe kayansa, ramin yana nan. Damina ta cika shi, sauro ya samu gida, gonar da ke wurin a da kuwa ta tafi ke nan.

Injiniyoyin hanya sun daɗe suna tambayar ko wancan tulin ba zai iya hana a haƙa wannan ramin ba. Tun bayan tashin farashin man fetur na 1973, da kwalta ta yi tsada a duniya, Amurka da ƙasashen Turai suka duƙufa wajen niƙe tsohuwar hanya a sake shimfiɗa ta, har ta kai yau Amurka na mayar da sama da tan miliyan 80 na tsohuwar kwalta cikin sababbin hanyoyi kowace shekara. To amma kayan da motoci suka shekara ashirin suna takawa ba sa dawowa da ƙarfinsu na fari, sai an ƙara musu abin da zai ɗaure su. Siminti aka saba ƙarawa, shi kuma ga tsada ga hayaƙi. Ana gasa dutsensa a zafin digiri 1,450, kuma kamfanonin siminti kaɗai ke da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki sama. Shi ya sa aka koma duban abin da masana'antu ke zubarwa: tokar kwal, kashin ƙarfe (dattin da narkar da ƙarfe ke bari), ƙurar tandun siminti, tokar ɓuntun shinkafa.

Dabarar gaskiya ce, ba cika baki ba. Sai dai jerin kayan da ake karantawa a rahotannin ƙasashen waje ba namu ba ne, kuma wanda ya ɗauko shi ɗungurungum ya kawo Maraɗi zai kashe a kuɗin mota fiye da abin da ya tsimi a kuɗin siminti.

Mu fara da ita hanyar. Baƙin da ake gani a sama riga ce kawai, aikinta ta hana ruwa shiga ta kuma ba taya wurin kamawa. Masu ɗaukar nauyi suna ƙasa: ƙasar wurin da aka daɓe, sai shimfiɗar marmara ta farko, sai ta biyu wadda ta fi inganci, kowace kaurinta kan kai santimita 15 zuwa 20. A yawancin hanyoyinmu na karkara rigar ma ba ta wuce santimita 2 ko 3 ba, don kwalta ake fesawa a watsa tsakuwa sau biyu a bi da rola. Manyan titunan cikin gari da sassan da tireloli suka fi bi su ne ke samun dafaffiyar kwalta mai kaurin santimita 5 ko fiye. Wannan bambanci yana da muhimmanci. Bature idan ya ce zai sake sarrafa hanya, tsohuwar kwalta mai kauri yake nufi. Mu a nan, daga Gidan Rumji zuwa Tasawa, ko daga Tibiri zuwa Dakwaro, in aka tone hanya abin da zai fi yawa a hannu tsohuwar marmara ce, da ɗan baƙi-baƙi a ciki.

Ƙarfin wannan marmara ana auna shi ne da gwajin da ake kira CBR. A daɓe ƙasar cikin wani gwangwani, a jiƙa ta cikin ruwa kwana huɗu, sannan a danna mata ƙarfe a ga irin turjiyar da za ta yi, a kwatanta da fasasshen dutse mai kyau wanda aka ba maki 100. Kundin 1984 na CEBTP, cibiyar binciken gine-gine ta Faransa, wanda ƙasashe renon Faransa suka daɗe suna aiki da shi, yana son shimfiɗar sama ta kai 80, ta ƙasa ta kai 30. Marmarar da ke kai 80 ba ko'ina take ba, kuma ramukan kusa da gari su ake fara cinyewa, sai tifa ta riƙa ƙara nisa. Duwatsu masu tauri kuwa sai can kudu wajen Ɗan Isa da bakin iyaka, inda suka ɓullo saman ƙasa. Ita tsohuwar marmarar da ke ƙarƙashin hanya, rola ta murƙushe ta ranar gini, tayu sun ci gaba da niƙa ta shekara da shekaru, tsakuwarta ta ragu, garinta ya ƙaru. Gari mai yumɓu in ya sha ruwa laushi yake yi. Gutsattsarin tsohuwar kwalta su ma da nasu halin: kowace tsakuwa a lulluɓe take da baƙin maiƙo, siminti ba ya kama ta sosai, kuma a zafin watan Afrilu, da saman titi kan haura digiri 60, maiƙon yakan saki jiki har shimfiɗa ta riƙa lotsawa ƙarƙashin taya. Don haka ne galibi ba a barin su wuce rabin haɗin.

Aikin kansa ba shi da wuyar fahimta. Ana baza garin ɗauri, wato siminti ko haɗin toka, a kan tsohuwar hanya, sai wata mota mai babban gangan haƙora, irin wadda kamfanin Wirtgen na Jamus ke ƙerawa, ta bi ta tone santimita 20 zuwa 30, tana niƙawa tana cakuɗawa da ruwan da tanka ke ba ta. Gireda ta daidaita, rola ta daɓe, a sa sabuwar riga. Ba a kai komai juji ba, ba a haƙo sabon tudu ba. A ƙananan hanyoyi ko babu wannan mota ana iya yi da haƙoran gireda da garmar tarakta, sai dai haɗin ba ya kai wancan daidaito. A Afirka ta Kudu sun ƙware da wata dabara ta fesa ɗan ruwa cikin tafasasshiyar kwalta ta yi kumfa ta kumbura, a gauraya da tsofaffin kayan. Tana aiki ƙwarai, amma kwalta shigo da ita muke yi. Matatar SORAZ ta Damagaram fetur da gazuwal da iskar gas take bayarwa, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan tashar ruwa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, duk abin da ya taso daga teku sai ya iso da kuɗin hanya a kansa.

To mene ne a cikin toka da har za ta ɗaure tsakuwa? Siminti in ya haɗu da ruwa abu biyu yake haifarwa. Ɗaya shi ne danƙon da ke sandarewa ya riƙe yashi da tsakuwa. Ɗayan farar ƙasa ce, irin wadda ake shafa wa bango da gindin itatuwan bakin titi, tana zaune a ciki ba ta ƙara wani ƙarfi. Akwai tokar da ke ɗauke da sinadarin silika mai laushi ƙwarai, wanda wuta ta narkar ya huce da sauri bai koma yashi ba. Irin wannan toka in ta samu farar ƙasa da danshi, sai su haɗu su haifi danƙo iri ɗaya da na siminti. Rumawa sun gano haka da tokar dutse mai aman wuta ta garin Pozzuoli kusa da Napoli, kuma ƙubbar ginin Pantheon da suka zuba da irin wannan haɗi tana tsaye a birnin Rum kusan shekara 1,900. Ke nan kowane haɗi ɓangare biyu gare shi, mai kawo farar ƙasa da mai kawo silika. Toka ita kaɗai ƙura ce. Farar ƙasa ita kaɗai tana ladabtar da yumɓu, ta hana shi kumburi, amma a cikin yashi zalla irin na tudun Maraɗi ba ta da abin kamawa.

Maginan ƙasar Hausa ba baƙin wannan tunani ba ne. Katsin da ke kwantawa a gindin karofi, masu rini kan kwashe shi a shanya a ƙona a daka, a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata da ruwan dafara, a samu laso na shafe rufin soro da cikin karofin kansa don kada ruwa ya ratsa. Makuba kuma daga ɓawon ɗorawa take, da ita ake ƙarfafa daɓe da bango. Sinadaran ba ɗaya suke da na tokar kwal ba, amma sharar marina da ta majema ce ta zama simintin magina, kuma duka a gari ɗaya ake samun su, jaki ne ke kai su wurin aiki.

Bambancin haɗin toka da siminti zalla yana wajen gaggawa. Siminti cikin kwana 28 ya kusa gama ƙarfinsa, kuma da an zuba masa ruwa ana da kamar awa biyu a gama daɓe kafin ya fara kamawa. Haɗin toka a hankali yake tafiya, yana ƙara ƙarfi har kwana 90 da bayansu. Wannan ya ba ma'aikata sarari, kuma shimfiɗar ba ta cika tsattsagewa ba kamar ta siminti mai yawa, wadda ke ƙanƙancewa in ta bushe har tsagar ta fito saman kwalta layi-layi. Illarsa kuwa ita ce hanya ba ta jira. Wanda ya san yadda direbobi ke ture ganga da duwatsun da aka tare sabon aiki da su, ya san kwana bakwai ma da ƙyar ake samu.

Ƙasashen da suka yi nisa a wannan fanni, shararsu ce ta ishe su. Indiya tana ƙona kwal mai yawa don lantarki, tokar da ke bin hayaƙi tana taruwa tsibi-tsibi, har gwamnati ta kafa doka a 1999 ta tilasta amfani da ita, a 2016 kuma ta faɗaɗa dokar ta shafi duk aikin hanya da gini da ke cikin kilomita 300 daga tashar wuta. Faransa tun shekarun 1960 take ɗaure tsakuwar hanya da kashin da ke fita daga manyan tandunan narkar da tama, inda kowane tan na ƙarfe kan bar kimanin kilo 300. A birnin Surat na Indiya an buɗe wani titi a 2022 da aka gina da kashin ƙarfe a madadin dutse. Mu ba mu da irin wannan tandu, na Ajaokuta a Najeriya ma da aka fara ginawa tun kusan 1980 bai taɓa narkar da tama ba. A lura kuma da kilomita 300 ɗin nan na Indiya. Ko inda ake neman kai da toka, an san akwai nisan da in ta wuce shi ba ta biyan kuɗin motarta.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Hanya mai faɗin mita 10 har da kafaɗunta, shimfiɗa mai kaurin santimita 20, tsawon kilomita ɗaya, tana cin mita-kubik 2,000, wato sama da tan 4,000 na marmara. Tifa mai ɗaukar mita-kubik 10 sai ta yi sawu 200, ban da ƙarin da daɓe ke cinyewa. In za a ɗaure wannan shimfiɗa da siminti kashi 3 cikin 100, ana bukatar wajen tan 125, buhu 2,500 ke nan. In toka ta maye kashi ɗaya cikin uku na simintin, tan 40 ne, lodin tirela guda ko ɗan fiye. Ayarin raƙuma na ɗauko gishiri tun daga Bilma saboda kaɗan ke gyara tukunya, ba a taɓa jin wanda ya ɗauko yashi daga can ba. Haka abin yake a nan: garin ɗauri zai iya yin tafiya, amma mai nauyin, tan 4,000 ɗin nan, dole ya fito daga inda ake aikin, kuma babu mahaƙar da ta fi tsohuwar hanyar kusa. Babbar riba tana wajen sawu 200 da aka fasa, tun kafin a zo maganar wace toka.

Yanzu sai a duba abin da ke hannu. Tashar lantarki ta kamfanin SONICHAR da ke Cirozerin tana ƙona kwal tun 1981 don ba Agadas da mahaƙan Arlit wuta, kwal ɗin kuma mai yawan toka ne, shi ya sa ta taru tuddai a wurin. Masu bincike na cibiyar 2iE da ke Wagadugu sun gwada ta wajen buga bulo da jar ƙasa, ta kuma nuna alamar amfani. Amma mafi yawanta gartsa-gartsa ce mai ramuka kamar tsakuwa, ba gari ba, kuma sai an niƙa ta lilis take sakin silikarta. A matsayin ciko, hanyoyin Agadas da Cirozerin ta dace da su. Zuwa Maraɗi akwai sama da kilomita 700, don haka in za ta zo sai dai niƙaƙƙiya a buhu, kuma sai an haɗa kuɗin niƙa da na mota an ga ko ta fi simintin Malbaza araha, wanda ke kimanin kilomita 200 daga nan. In tashar kwal ta Salkadamna da ake ta maganarta a jihar Tawa ta tabbata, lissafin zai sauya, kuma tun a zanen tashar ya kamata a tanadi inda za a tara busasshiyar toka, don in ta jiƙe ta cakuɗe da datti darajarta ta faɗi.

Shi kansa kamfanin siminti yana da ƙurar da matatun hayaƙinsa ke kamawa. Akwai farar ƙasa a cikinta, tana kuma busar da ƙasa mai laka nan da nan. Sai dai masana'antun zamani kan mayar da mafi yawanta cikin tandu, abin da ya rage kuma halinsa na sauyawa, wani lokaci da gishirin salfa mai yawa wanda ke kumbura shimfiɗa. Kowane lodi sai an gwada.

Wanda ya fi ba ni sha'awa ƙarami ne, kuma kowa na wuce shi a layin masu walda da masu gyaran jikin mota. Dutsen kabaid da suke jiƙawa ya ba su iskar hura wuta, in ya gama aiki farin tabo yake bari, su zubar bayan rumfa ko cikin magudana. Wannan tabo farar ƙasa ce kusan zalla, kuma kilo ɗaya na kabaid kan bar fiye da kilo ɗaya nata. A jami'ar Suranaree ta Tailan an haɗa shi da tokar kwal an ɗaure ƙasar hanya, a Wagadugu kuma an haɗa shi da tokar ɓuntun shinkafa an buga tubalin ƙasa, babu siminti ko cokali. Sharaɗinsa a tara shi a rufe, don in ya daɗe a iska yakan koma alli marar amfani. Yawansa ba zai gina hanyar Yamai zuwa Diffa ba. Amma layin unguwa, ko hanyar da ke fitar da kayan lambu daga fadama, ko gindin da ake jera pabe a kai, waɗannan ba su fi ƙarfinsa ba in ma'aikatar magajin gari ta sa ganguna ta riƙa saye da ɗan abin da zai sa yaran shago su damu da tarawa.

Abokin haɗinsa ɓuntun shinkafa ne. Buhun shanshera biyar kan ba da kimanin buhu ɗaya na ɓuntu a nauyi, ɓuntu in ya ƙone ya bar kashi ɗaya cikin biyar toka, tokar kuma kashi 85 zuwa sama silika ce. Wato tan 40 ɗin da muka lissafa sai an casa tan 1,000 na shinkafa. Maraɗi ba ta noma ta haka, amma injinan casa na Kano da Jigawa suna fitar da ɓuntu fiye da yadda suke so, manyansu ma da shi suke hura tukunyar turara shinkafa. Ƙunar ce ke da ƙa'ida. In wuta ba ta ci sosai ba toka ta fito baƙa, gawayin da ke ciki ya sha ruwa ya raunana haɗin. In zafi ya zarce digiri 700 ya daɗe, silikar ta daskare ta koma kamar yashi, ba ta ɗauri, ƙurarta kuma tana lahanta huhu. Mai kyau ita ce fara-fara mai ruwan toka, a kuma niƙa ta. Jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, in ya fara aiki irin wannan kaya marar tsada mai cika wuri shi zai fi amfana.

Za a ce ina ɓawon gyaɗa da karan gero da ƙaiƙayi, tunda su muke da su? Jami'o'in Najeriya sun gwada tokar ɓawon gyaɗa a kan jar ƙasa, takan ɗan taimaka, amma ita kaɗai ba ta cika kai shimfiɗar sama ga makin da ake nema ba, kuma tokar da ɓawon ke bari kaɗan ce ƙwarai. Ban da haka, waɗannan ba shara ba ne a wurinmu. Ɓawo yana shiga abincin dabbobi da murhun masu ƙuli-ƙuli, kara yana zama darni da harawar rani, wanda aka bari a gona kuma shi ke tare ƙasa kada iskar bazara ta kwashe ta. A ƙone abincin gona don a yi titi, asara ce aka sauya wa wuri.

Akwai kuma hanyar da ta fi tashe a mujallun bincike, wadda ake kira jiyopolima. Maimakon farar ƙasa, sai a tayar da tokar da ruwan soda mai ƙarfi, irin ta masu yin sabulu, haɗe da wani ruwan silika mai kauri. Viktor Glukhovsky ya fara irin wannan da kashin ƙarfe a Kiyef a shekarun 1950, Bafaranshe Joseph Davidovits ya raɗa mata suna a ƙarshen shekarun 1970, masu bincike a Tailan da Ostareliya kuma sun nuna tana ɗaure niƙaƙƙiyar tsohuwar kwalta har ta cika sharaɗin shimfiɗar hanya a ɗakin gwaji. Zafi na ƙara mata sauri, mu kuwa ba ma rasa shi. Duk da haka ni ba da ita zan fara ba. Sodar da ruwan silikar daga waje za a sayo su, yin su ma yana cin wuta, kuma soda mai wannan ƙarfi tana cin fata tana makantar da ido. Leburan da ke aikin hanya da silifas, ba safar hannu ba tabarau, bai kamata a miƙa masa wannan jarka ba sai an gyara yadda ake kare shi.

Ɓaraguzan gini fa? Gari na girma, ana rushe tsoho a ɗora bene, an kuma ga yadda ayyukan ƙawata gari na Maraɗi Kwalliya a 2015 suka taɓa tituna da gine-gine. Kankaren dakali da ginshiƙi da tsohon kwalbati in aka fasa shi aka cire rodi, tsakuwa ce mai kyau, har da ɗan ragowar siminti a jikinta da kan sake kamawa in ya ji ruwa, ga kuma farar ƙasar da toka ke nema. Bulon da ake bugawa a unguwa kuwa, wanda ake ja wa buhu ɗaya ya fitar da abin da ya fi ƙarfinsa, rola na hawa zai koma yashi. Farin filastan ado na silin shi ne mugun iri, salfa ce zalla, in ta shiga haɗin siminti ta samu danshi sai ta kumbura ta ɗaga titi. Ke nan tun wurin rushe gini ake rarrabewa.

Ba kowace shara ake binnewa ƙarƙashin hanya ba, kuma Nijar ta riga ta ɗanɗana. A Akokan kusa da Arlit an yi ciko a tituna da duwatsun da aka fitar daga mahaƙar yuraniyom, sai a 2009 ƙungiyar Greenpeace tare da cibiyar CRIIRAD ta Faransa suka auna suka tarar da tururin nukiliya da ya zarce ƙima nesa ba kusa ba a wasu wurare, dole aka koma aka kwashe. A nan kusa, abin tsoron shi ne baƙin man inji da wasu ke zubawa a layi don kashe ƙura, da kashin da masu narkar da tsohon batir ke bari mai dalma, da tabon jimar zamani mai sinadarin kurom. A fadamar Gulbin Maraɗi ruwa kusa yake, rijiyoyin lambu ba su da zurfi, abin da ya tsiyaye daga hanya cikinsu zai ƙare. Don haka bayan gwajin ƙarfi akwai na biyu: a jiƙa haɗin, a tace ruwan, a duba abin da ya saki. Kashin ƙarfen da masu narkar da tsofaffin ƙarafa ke fitarwa shi ma sai an bar shi a fili watanni yana shan ruwa da iska ya gama kumburinsa kafin a rufe shi da kwalta.

Duk ingancin haɗi, abu biyu na iya kashe shi. Na farko ruwa. Garin Maraɗi da ambaliyar 1945 ta tilasta wa barin fadama ya hau tudu ba ya bukatar a yi masa bayani, daminar 2024 kuma ta sake tunatarwa, da jihar Maraɗi ta kasance cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ɗaurarriyar shimfiɗa ta fi marmara zalla jure jiƙa, amma in korama ta cinye kafaɗar hanya ta rarake ƙarƙashi, ko leda da yashi sun toshe kwalbati, za ta karye ne kamar faranti. Wani abin mamaki, rashin ruwan ma matsala ne: haɗin yana son danshi aƙalla kwana bakwai, a lokacin hunturu kuwa iska kan busar da shi cikin awoyi, sai dai a yi ta yayyafi da tanka ko a rufe shi da siririn feshin kwalta tun ranar.

Na biyu lodi. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna in nauyin da ke kan layin tayu ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa hanya takan ninka kusan sau 16. Doka mai lamba 14 ta 2005 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, ta tsayar da tan 11.5 zuwa 12 ga layin tayu guda na baya, amma duk mai bin hanyar Ɗan Isa ya ga tirelolin da kaya ya yi musu rawani. Shimfiɗar da aka ɗaure ta sandare ta fi marmara zalla jin zafin wannan wuce gona da iri, don ita ba ta lanƙwasa, tsagewa take. In ba a tsayar da sikeli da gaske ba, gara a rage garin ɗaurin a bar shimfiɗar da ɗan sassauci.

Abin da ya rage aikin takarda ne, kuma a nan ne yawanci magana ke mutuwa. Ɗan kwangila ba ya zuba abin da ba ya cikin kundin sharuɗɗa, injiniyan sa ido kuma ba ya sa hannu a kan kayan da ba shi da ma'auninsu, don in hanya ta lalace shi za a kira. Ɗakin gwaje-gwajen ayyukan hanya da gini na ƙasa da ke Yamai, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke nan Maraɗi, su ke da hurumin samar da wannan ma'auni, kuma ba a gwangwani kaɗai ba. A ware ƴan mitoci ɗari-ɗari a jere a kan hanya guda da motoci iri ɗaya ke bi: wani yanki da sabuwar marmara kamar yadda aka saba, wani da tsohuwa da siminti, wani da siminti da tokar ɓuntu, wani da tabon kabaid da toka. A rubuta kuɗin kowanne da sawun tifar da ya ci, a riƙa auna lotsawa da tsaga bayan kowace damina har uku ko huɗu, a buga sakamakon kowa ya gani ko da bai yi daɗi ba. Sannan a duba yadda ake biyan aiki. Muddin ana biyan ɗan kwangila a kan kowane mita-kubik na marmarar da ya haƙo, da ƙarin kuɗi in nisan jigila ya ƙaru, to tifofinsa ne ke kawo masa riba, kuma ba shi da dalilin taɓa tsohuwar hanya sai don ya ture ta gefe. Sai kundin kwangila ya ware layi na musamman da farashinsa ga kowane murabba'in mita da aka niƙe aka ɗaure a wurin, ya kuma sa rufe ramin marmara cikin abin da za a duba kafin a biya kuɗin ƙarshe.